Sha'aibu Dangora da Fim Ɗin da Tunga Ba Ta Gani Ba

"Wallahi, Yaya Asma'u, mutanen Tunga za su riga kowa ganin fim ɗin nan." Haka Ɗahiru furodusa ya ce a tsakar gidana a Tudun Wada, shekara biyu ke nan. Kano ta gani, Kaduna ta gani. Tunga har yau shiru.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, Allah ya karɓi ran Sha'aibu Dangora, marubucin fim ɗin kuma daraktansa, bayan gajeriyar jinya.

Sha'aibu, na karanta labaran bincike da yawa, kaɗan ne suka riƙe ni kamar naka. Tunga, ƙauyen masunta a bakin dam ɗin Tiga, damina ta yanke hanya, kwalekwale ya dawo babu mai shi. Ba ka kawo ɗan sanda daga birni ba, ba ka tsaya rawa da waƙa ba. Ka bar mutanen da suka san juna tun yarinta suna zargin juna. Tsohuwa mai bandar kifi ce ta kama mai laifin, da ya rantse cewa a lokacin yana su gabas da busasshiyar kuka. Can maƙabartar tsohon garinsu take a ƙarƙashin ruwa, kuma ba ɗan Tunga da ke jefa koma a kan kakanninsa.

Inna Zulaihat, 'yar Tunga wadda ta fito a tsohuwar, ita ta gaya maka wannan. Ina wurin ka yage shafi huɗu na rubutunka, ka durƙusa ka ce, "Inna, faɗi yadda kike faɗa, naki ya fi nawa." Sunanta ka sa a gaban naka a fim ɗin.

Yanzu yanar ido ta fara hana ta gani. Da na kai mata labarin rasuwarka ta yi kuka, sannan ta ce, "To wa zai kawo mini fim ɗin in ga kaina?"

Allah ya jiƙanka, Sha'aibu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna makoma. Husna matar marigayi da yara da dangi na Dangora, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Kai kuma Ɗahiru, sadakar arba'in ranar Litinin ce, 19 ga Mayu, kafin ruwa ya rufe hanya. In ba ka kai fim ɗin Tunga kafin ranar ba, kwafin da marigayi ya ba ni yana hannuna. Washegari zan ɗauki majigi da janareto da farin zanen gadona in tafi, in zaunar da Inna a layin gaba. Ka kai ni ƙara in ka so.

Asma'u Jibrin, Tudun Wada