Jan Layin Pak Mattola

Kullum da hantsi, kafin jirgin farko ya tashi daga tashar ruwan ƙauyenmu, za ka ga Pak Mattola (Pak a wurinmu kamar Malam ne) tsugune bisa gadar katako, da gwangwanin jan fenti da burushi. Baƙo sai ya ɗauka lebura ne. Alhali shekara talatin da huɗu ya yi a sojan ruwa, ya sauka da tauraro biyu a kafaɗa. Abokansa sun yi zamansu a Jakarta. Shi kuwa ya dawo mana tsibirin Sulawesi, ya roƙi aikin da kowa ke gudu: duba lodin jiragen katako masu tsallakawa tsibirai.

Dokarsa ɗaya ce. Ya ja jan layi a jikin kowane jirgi, in layin ya nutse, ba tafiya.

Wa zai manta ranar auren ɗan Hajja Nurlina? Dangin ango sun cika jirgin wani tsohon matuƙi, Daeng Tompo, ga buhunan shinkafa, ga saniya, layi ya ɓace cikin ruwa. Dattawa sun riga sun tsayar da sa'ar ɗaurin aure, kuma a wurinmu makarar ango abin gori ne har kan jikoki.

"Haba Pak, wannan fa ba jirgin yaƙi ba ne," in ji Daeng Tompo. "Tun ba ka sa kaki ba nake tsallaka ruwan nan."

"Na sani, Daeng. Nuna mini layina ka tafi."

Hajja ta fashe da kuka, ta ce ya tozarta ta gaban surukai. Shi kuwa Pak sai ya sa aka sauke saniyar da mutum goma sha biyu, ya kwashi mutanen a nasa jirgin ya bi bayansu. A tsakiyar teku iska ta taso, tsakanin ruwa da bakin jirgin Daeng bai fi taƙi ɗaya ba. Sun isa a jiƙe, a makare, amma ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Kai ne, Pak, ka yarda a zage ka da safe don kowa ya kwana gidansa. Wallahi muna ƙaunarka, mun gode. Manyanmu masu sauka daga muƙami, ku ma ku nemi gadarku ku tsuguna.

Watan nan ciwon gwiwa ya zaunar da shi gida, muka fara fargabar wa zai riƙe mana layin. Jiya da hantsi na hangi mutum tsugune bisa gadar. Daeng Tompo ne riƙe da burushi. Fentin kuwa Hajja Nurlina ce ta kawo.