Layin da Hamma Buba Ya Ja

Shekara arba'in da bakwai ke nan da muka rufe yayana, Hamma Buba, a gabashin Landan. Ana ce mini a rufa wa mamaci asiri. Na rufa, na gaji.

Mu 'ya'yan makiyaya ne, a gindin dutsen da ya fi kowane tsayi a yankinmu. Da rani mahaifinmu, Baffa, kan hau da shanu can ƙoli, inda ciyawa ba ta bushewa. Da kuɗin mai ya ɓarke, gwamnati ta turo Hamma Landan kwas kan gandun daji, ni kuma ina koyon aikin nas. Fulat ɗaya muka kama a Deptford.

Wata Lahadi ya shimfiɗa taswira a teburin cin abinci. "Ladi, ke kika fi ni bin Baffa. Ina maɓuɓɓugan ruwan dutsen suke?" Ni kuwa sakarya, baki har kunne, na nuna masa duka bakwai, da sunayensu. Ya ɗauki jan biro ya zagaye su. Ashe iyakar gandun da za a hana kiwo yake tsarawa, don a yaba masa a ofis.

Bayan rani biyu kaset ya iso daga gida, don Baffa ba ya rubutu. Ko gaisuwa babu. Sunayen shanun da suka mutu kawai yake kira, ɗaya bayan ɗaya, har gefen kaset ɗin ya ƙare. Hamma ya kashe rediyon ya ce, "Tsoho bai san ci gaba ba." Wallahi har da dariya.

Da ciwon hanta ya kwantar da shi, sai ga shi yana kuka a mayar da shi gida, a rufe shi kusa da Inna a gindin dutse. Kabarin Inna yana cikin layin. Na aika wa Baffa. Kaset ɗin amsar bai kai minti ɗaya ba: "Ku rufe shi inda ya ja layin." Na kunna wa Hamma a gadon asibiti. Da gangan na kunna, sau biyu.

Yau 'ya'yana suna nuna mini hoton dutsen a waya, suna yaba kyansa da Turanci. Da Hamma yana raye da ya buga ƙirji ya ce aikinsa ne, kuma da bai yi ƙarya ba. Dajin ya tsira, gidanmu ya watse.

Abin da ya rage na Hamma shi ne layin nan. Duk shekara ina zuwa kabarinsa in yi masa addu'a. Na Inna kuwa, sai na nemi takardar izini.