Musbahu Lawal da Baƙin Bonet ɗin da Ya Hana Mu Ɗaurawa

Mai bayarwa Ya karɓi abinSa. Ranar Asabar, 15 ga Disamba, 2007, da hantsi, gari na ta haramar Babbar Sallah, aka kira ni ina bakin aiki a Bompai aka ce Musbahu Lawal ya yi hatsari a titin Challawa. Kafin in isa asibiti har an rufe masa fuska. Na Allah muke, kuma wurinSa duk za mu tattara.

Musbahu, ni ne Ashafa, abokinka direban kamfani. Ni ba marubuci ba ne, ka sani. Na ɗauki biro ne saboda haƙƙinka, kuma saboda akwai wasu rayuka a cikin hatsari yanzu haka, waɗanda da kana nan ba za ka iya zama ba sai ka cim musu.

A Sharada na san ka, kana aiki a kamfanin tankunan roba. Da rashin wuta ya sa aka garƙame kamfanin, abokan aikinka suka koma zaman gindin bishiya, kai kuwa ka kafa garejin gyaran bodi a Panshekara, ka jawo wasunsu ka koya musu sana'a. Ban manta daminar da mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi a Dorayi ba. Ruwa ya cike hanya, masu tasi duk sun ƙi shiga. Kai ka kutsa da motarka, ruwa har cikin kujera, ka kai ta asibiti. Injinka ya sha ruwa ranar, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa tayar mini da zancen ba.

Son mota shi ne cutarka, kuma ka shafa mana. Mu masu Honda Sibik, duk Lahadi da yamma a garejinka muke haɗuwa. A nan ka nuna mana hoton wani baƙin bonet mai sheƙi, ka ce ba ƙarfe ba ne, wani saƙaƙƙen abu ne da ake kira kabon faiba, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Masu yin sa a ƙasar waje suka ce ba sa ƙera wa mutum ɗaya, sai an taru da yawa. Sai ka ɗora wa kanka. Ka bi mu gida-gida, daga Bompai har Kumbotso, kana lallashin wannan kana haƙuri da wancan, har muka haura goma. Da suka nemi a aika musu samfuri, kowa ya sunkuyar da kai, kai ka kwance bonet ɗin motarka ka aika. Watanni kana yawo da tamfol a kan inji, muna tsokanarka da mai motar tsirara, kana dariya har da riƙe ciki.

Ranar da kayan suka iso sai ka ce biki. Abu bai fi farantin cin abinci nauyi ba. Malam Baffa, dattijon bakaniken da ke maƙwabtaka da kai, ya hau kan ɗaya da takalminsa ya yi tsalle, ya sauko ya doka masa guduma, ko gezau. Muka yi ta kabbara. Haka muke gwada kaya a garin nan, a taka, a buga, in bai lotsa ba ya yi. Duk taronmu ba wanda ya kifa shi ya dubi cikinsa.

Kowa ya miƙa hannu zai ɗauki nasa, ka tare ƙofa. Ka ce, "Ni na haɗa ku. Ba mai ɗaurawa sai na sa a tawa na hau titi da shi na gani."

Zakariyya, mutumin Damagaram da ke aiki a kamfanin fata a Challawa, shi ya fi kowa tada jijiyar wuya. Ya ce, "Haba Musbahu! Gida zan je Sallah da shi fa."

Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Da matarka Sauda da yara za ka tafi. Bari in fara."

Wasu har da gunaguni, wai kana so ne ka riga kowa yin gayu a gari. Wallahi har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake yi. Masu faɗinta sun san kansu, kuma na gan su a sahun gaba wajen jana'iza.

Da abin ya faru kowa cewa ya yi gudu ne, mota ta ƙwace maka ka afka wa tirela. Sai ranar jajibere wani ɗan acaba ya zo wurin zaman makoki, ya durƙusa gaban Malam Baffa ya ce, "Baba, ina bayansa. Murfin gaban ne ya tashi ya rufe masa gilashi tun kafin ya kai ga tirelar."

Muka tashi muka nufi garejin. Malam Baffa ya kifa ɗaya daga cikin sauran bonet ɗin, ya kama ƙugiyar da ke riƙe bonet ya fizga da hannu ɗaya, sai ga ta a tafinsa. Ashe da gam kawai aka manna ta, ba noti ba walda. Ya gwada na biyu, haka. Dattijon nan ya zauna a ƙasa dirshan yana hawaye. Da ka sakar mana kayan nan ranar, da ban san gidaje nawa za a shimfiɗa tabarmar makoki a Sallar nan ba.

Muna shirin kulle sauran sai maigadi ya ce ai Zakariyya ya zo ana tsakiyar karɓar gaisuwa, ya ce nasa ne, ya ɗaura, ya kama hanya da iyalinsa. Bai san komai ba, shi ma gudun ya ɗora wa laifi. Layinsa ba ya shiga a can. Mun ba direbobin hanyar Daura saƙo, mun tura mutum, har yau shiru. Ban san ko ya isa ba. In ma ya isa, akwai dawowa, kuma na san ƙafar Zakariyya a kan totur. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ka ga jar Sibik mai baƙin bonet, ka tare ta ko da za ka sha zagi. Ka ce wa Zakariyya ya kwance shi nan take, ya taho da inji a buɗe.

Allah Ya jiƙanka, Musbahu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓe ka cikin shahidai. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Uwani, da maiɗakinka Badi'a, da 'yarka Atika, da Malam Baffa, da dukkan jama'ar Panshekara. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Ya Allah, Ka dawo da Zakariyya da Sauda da 'ya'yansu lafiya, kada Ka sa in sake zaman rubuta irin wannan bayan Sallah.