Keken da Aka Yanke Mini

Ni doguwa ce. Gara in faɗa tun yanzu, don duk abin da ya same ni a kan keken nan daga tsawona ya taso. Tun ina firamare ake ce mini falwaya, kuma babu zauren da zan shiga a cikin birnin Daura ban sunkuya ba. Maigidana kuwa, wanda tela ne, iyakarsa kafaɗata. Ni abin bai taɓa damuna ba. Ca nake shi ma haka, duk da na lura ba ya son mu jera a hanya. Ko ya yi gaba, ko ya tsaya gaisawa da wani har sai na yi nisa. Shagonsa a wata unguwa yake, kuma bai taɓa cewa in leƙo ba.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta hanyar Dutsi, sai an saki kwalta an bi burji kafin a kai. Wucin gadi aka ɗauke ni, irin waɗanda ake sallama da fatar baki. Ni ke awon ciki, ni ke rigakafin jarirai, makullin ɗakin awo ma a jakata yake kwana. Ina son aikin nan, wallahi ina son shi. Da fetur ya yi tashin da ya yi, 'yan acaba suka zama wasu sarakuna. Ɗan acaba zai dube ni sama da ƙasa ya yanka kuɗin da ya ga dama, in na yi magana ya ja babur ɗinsa ya bar ni tsaye. Motar haya kuma ba ta tashi sai ta cika, sannan ta zubar da ni a bakin kwalta in ƙarasa da ƙafa. Sai na fara makara.

Shugabar asibitin wata mata ce mai magana ƙasa-ƙasa, kamar ba ta iya cin mutum ba. Ranar da na iske masu ciki sun cika baranda suna jirana har hantsi ya dubi ludayi, ta kira ni ofis.

"Malama," ta ce, "matan nan daga rugage suke zuwa, wasu a ƙafa. Sati uku na ba ki ki gyara. Litinin ta uku, ranar awo, in takwas ta buga ba kya nan, ki kawo mini makullin."

Na san wadda za a ba. Ɗiyar ƙanwarta ce, ta gama makarantar lafiya tana zaune a gida. Amma gaskiya matar ta faɗa, kuma shi ya fi ƙona mini rai.

A keken babanmu na koyi tuƙi tun ina yarinya, don haka na ce keke zan saya. Maigida ya ce, "Keke? Matar aure?" Na ce to ya ɗauki nauyin acaba kullum. Daga nan ya ƙyale ni.

Na san abin da nake so. Keken da zan zauna a miƙe, ba irin wanda ake kifa ciki a kansa a ɗaga baya sama ba. Wanda ba shi da sandar tsakiya, don in iya hawa da zane. Mai kariya a baya inda zan ɗaure akwatin rigakafi. Sannan babba, wanda ƙafata za ta miƙe in na taka feda. Sai ka ce wani abin duniya na nema.

Shagon farko, mai shi ya ce, "Hajiya, shekarar yaron nawa?"

"Ni ce yaron."

Ya kwashe da dariya, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Na biyu ya jawo mini wani ɗan mitsitsin keke mai ruwan hoda da kwando a gaba, ya ce wannan shi ne na mata. Na ce ya dube ni da kyau. Ya dube ni, ya ce ai masu yin keke ba su san da irina ba. Na uku yana da babba, sabo fil a leda, kuɗinsa ya haura albashina na wata uku, kuma da na kama kan keken zan gwada sai ya riƙe sirdin.

"Haba baiwar Allah, nan fa bakin titi ne. Ki turo maigidanki ya gwada miki."

"Shi zai je mini aikin?"

"To ni dai ba a shagona ba."

Na ce Allah ya bar shi da kekensa har ya yi tsatsa. Na fi sati ina wannan yawo bayan na taso aiki, kullum in dawo ƙafa ta yi butu-butu, zuciya ta kawo wuya. Ba wanda ya taɓa tambayata ina zan je da keken. Kowa tsawona yake kallo, ko kuma ya yi mini wa'azin da ban tambaye shi ba.

A kasuwar Mai'adua na same shi, ranar Lahadi, saura kwana takwas wa'adina ya cika. Wani dattijo ne ya shigo da shi ta kan iyakar Kwangwalam, dogo kamata, da rawani. Baƙin keke, tsoho, mai nauyi, ba sandar tsakiya, kariyarsa kuwa ko buhun gero aka ɗora ba za ta lanƙwashe ba. Dattijon bai yi dariya ba. Cewa kawai ya yi, "Hau ki gani, 'yata."

Na kewaya bayan kara, inda ake sayar da dabbobi, na hau. Kai! Ƙafata ta miƙe har ƙasan feda, bayana ya miƙe, hannuna ya sauka daidai. Ban san lokacin da na yi dariya ni kaɗai ba.

Dattijon ya faɗa mini aibinsa bai ɓoye ba. Tayoyin sun cinye, birki ya mutu, sirdin kuma tsatsa ta kafe shi a can sama, ba ya hawa ba ya sauka. Saboda sirdin ne kowa ya ƙi keken, shi ya sa ya yi araha. Abin da ya kori kowa shi ne ya yi mini daidai. Na juye masa abin da na tara, aka ɗaure mini keken a bayan mota.

Maigida ya ce akwai wani Baba mai gyaran keke kusa da shagonsa, nan suke majalisa. Shi zai kai, ba sai na shiga cikin maza ba. Na ji daɗi har na yi masa godiya. Na ce taya, birki, sarƙa. Na ce kada a taɓa sirdi. Sau uku na faɗa, na ukun ma yana bakin zaure na ɗaga murya.

Gyaran ya ci sati guda, yau a ce ba taya, gobe a ce ba robar birki. Sai ranar Lahadi bayan la'asar, ana gobe Litinin ɗina, ya turo keken. Ya jingine shi a zaure, ya ce zai je ya dawo. Saurin da ya yi ne ya sa na fito.

Da farko ban gane ba. Sababbin tayoyi, sarƙa ta sha mai, har ƙararrawa an sa. Amma keken ya durƙushe. Na duba ƙarƙashin sirdi, na ga baƙin tabon walda ya zagaye ƙarfen. An yanke shi. An cire abin da ya fi taƙi guda, an sake liƙewa. Na hau a tsakar gida, gwiwoyina suka doki kan keken. Na sauka na zauna a kan turmi.

Bayan magariba ya shigo yana wani sanɗa. Ko ruwa ban ba shi ba.

"Wa ya yanke mini keke?"

Ya sosa ƙeya, ya fara kame-kame, daga baya ya faɗa. Wai Baba yana da ƙa'idarsa tun yana saurayi. Keke ba ya barin hannunsa sai mai shi ya zauna ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa. In keken mace ne, ba ya sa matar mutane ta hau a gabansa, kunya yake ji. Mijin yake aunawa, sannan ya rage yatsa huɗu, tunda mace ba ta kai mijinta tsawo. Da maigida ya hau, ƙafafunsa suka yi ta reto, 'yan majalisa suka fashe da dariya, wani ya ce, "Tela, wannan ai sai an kafa maka tsani." Baba ya ce sirdin ya kafe, sai dai a yanke ƙarfen, ya tura wa mai walda.

"Kai kuma ka ce me?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake. Ka ce me?"

"Me zan ce? A gaban mutane?"

"Ka ce matata ta fi ni tsawo! Magana nawa ce?"

"Ba ki san mutanen nan ba ne. Da har in mutu da shi za su riƙa kirana."

Na dube shi. Shekarunmu da aure, na wanke masa, na dafa masa, na haifa masa, ashe duk tsawon lokacin nan ɓoye ni yake yi. Ko a majalisarsa ba a san kamannina ba. Na tambayi guntun ƙarfen da aka cire, ya ce yana can cikin tarkacen mai walda, shi kuma ya rufe ya tafi ƙauyensu.

Da asuba ya ajiye mini kuɗin acaba a bakin tabarma. Nan ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Da na ɗauka, da na isa a kan lokaci. Amma haushi ya rufe mini ido. Na ture kuɗin da ƙafa, na ce ya riƙe abinsa, da keken da ya auna mini zan tafi. Ya ce in yi wa Allah. Na fice.

A kwalta na ɗan lallaɓa. In na zauna, gwiwa ta doki ƙarfe, sai in buɗe ƙafafu gefe, zane ya nemi zamewa. In na miƙe tsaye a kan feda, cinyoyina su ɗau zafi. 'Yan acaba suna wuce ni suna waige, wani har ya rage gudu ya ce, "Hajiya, keken ɗanki kika sato?" Na ɗura masa zagin da ban san na iya ba. Da na shiga burji kuwa, an kwana ana ruwa, taya ta riƙa nutsewa a yashi. Gwiwar dama ta kumbura. Sau biyu ina faɗuwa a gefen gonar gero. Ƙarshe na sauka na tura, ina ɗingishi, ina duba agogon waya ina ganin takwas ta zo ta wuce.

Tara saura na isa. Baranda cike da mata. Shugabar tana tsaye a ƙofar ɗakin awo, ɗiyar ƙanwarta a bayanta da fararen kaya, a goge. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi laka a zanena, ta dubi keken, ta miƙo hannu.

Na ciro makullin na sa mata. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ce, "Sannu likita, faɗuwa kika yi?" Na juya na kama kekena.

Ban hau keken ba a dawowa, turo shi na yi har Daura, kuma ban nufi gida ba. Tambaya na yi ta yi har aka nuna mini rumfar Baba. An fito sallar azahar ke nan, majalisa ta cika, maigida yana kan benci da goro a hannu. Da ya hango ni sai goron ya faɗi.

Na yi sallama, na kafe keken a tsakiyarsu.

"Baba, ina wuni. Ni ce mai keken nan."

Tsohon ya ɗaga kai daga tayar da yake faci, ya yi ta ɗagawa. Ya dubi keken, ya sake dubana.

"Ke ce iyalin tela?"

"Ni ce." Na juya wajen maigida. "Malam, taso ka tsaya kusa da ni, Baba ya rage yatsa huɗun."

Bai tashi ba. Ba wanda ya yi dariya, ko mai maganar tsanin. Baba ya ajiye tayar, ya ce, "Subhanallahi. Tela, ai da ka faɗa." Ya ce in bar keken, zai nemo wani ƙarfen a ƙara, ba zai karɓi ko sisi ba. Na ce ya bar shi, inda zan je da shi an karɓe. Na juya na tafi da abina. Na ɗauka zan ji sanyi a raina, amma ban ji komai ba sai zugin gwiwa.

Sai bayan la'asar ya dawo gida. Ya tsaya a tsakar gida, hularsa a hannu, idonsa ja.

"Kin tozarta ni a gaban mutane."

"Kai kuma ka raba ni da aikina don kada a yi maka dariya."

"Na ba ki kuɗin acaba."

"Ka ba ni."

Ya shige ɗaki, ni kuma na ci gaba da gasa gwiwata da ruwan zafi. Bai ƙara zama a majalisar nan ba, daga baya ma ya tashi shagon ya koma wata unguwa. Ni kuwa na kai takarduna asibiti uku, ba wanda ya kira ni. Muna nan tare, ina dafawa yana ci. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban ce masa ba.