Ajiyarmu da Ke Shagon Isyaku

An goge na'urar Isyaku. Tun matarsa ba ta fita takaba ba aka ɗauke ta daga shagonsa na Gyadi-Gyadi, aka kai wa mai gyara ya share duk abin da ke cikinta, ya zuba mata wasannin yara. Cikin abin da aka share har da muryar mahaifiyata. Sunana Maimuna, ina sayar da turaren wuta a layin bayan masallaci, kuma ba zan sakaya sunan kowa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Isyaku ɗan unguwar nan ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Na girme shi, a gabana ya koyi tafiya. Tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi, sai an dawo an tarar da hanjinta a kan tabarma. Da ya girma ya yi shekaru yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre, daga baya ya ce hayaniya ta ishe shi, ya dawo unguwa ya kama ɗan shago. Dogo ne siriri, kullum da sukundireba a bayan kunne, ba ya iya yar da ko guntun waya. Ya auri Sa'adatu, Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu.

Abin ya faro ne daga kanmu mata. Muna da shafin ƙungiya a ɗaya daga cikin manyan dandalin nan na kamfanonin waje, inda muke sa hotunan biki da suna da sanarwar rasuwa. Wata safiya na buɗe waya, babu shafi babu alamarsa. Na ɗauka wayar ce ta lalace, na yafa mayafi na nufi shagonsa. Ya danna nan, ya danna can, ya miƙo mini.

"Yaya Maimuna, wayarki lafiyarta ƙalau. Korar ku aka yi."

"Wa ya kore mu? Me muka yi masa?"

"Mai gidan. Ai haya kuke, ba ku sani ba ne kawai."

"To yana ina, in je in same shi?"

"Sai dai ki fara neman biza," ya ce, yana dariya.

Ni ban yi dariya ba. Hotunan bikin 'yata suna ciki.

Bayan sallah ƙarama ya aiko a kira ni. Na tarar ya samo wata tsohuwar kwamfuta baƙa da wani ofis ya yar, ya ɗora ta a kan bulo a lungun shago, ya haɗa mata sola da batir. Tana ta gurnani kamar firji. Ya ce daga yau wannan ne dandalinmu, ya sa masa suna Tsakar Gida.

Na ce, "Wannan gwangwanin?"

Ya ce, "Gwangwani ne, amma namu ne. Babu mai watso mana kaya waje."

Na tambaye shi yadda zan yi da 'yata da ke aure a Zariya. Ya ce akwai irin wannan na'urar a Zariya, wata a Kaduna, wata har Maraɗi, kowacce da mai kula da ita, kuma suna magana da juna. Da ya ga ban gane ba sai ya ce, "Kin tuna tagar da ke jikin katangarmu, wadda Innarku da Innata suke miƙa wa juna garwashi? Kowa na gidansa, amma ana gaisawa. Haka abin yake." Nan na gane. Kuma haka ya kasance. 'Yata ta yi rajista a ta Zariya, ni ina ta Gyadi-Gyadi, in na sa hoto ta gani, ta amsa mini.

Da farko mu kaɗan ne. Sai masu adaidaita sahu suka shigo, sai malaman Islamiyya, sai ma'aikatan da ke Tarauni da Unguwar Gano. Wanda akuyarsa ta ɓata ya sa cigiya. In aka ɗauke ruwa a faɗi layin da ake samu. Shi ne alƙali, shi ne mai shara. In mutum ya yi zagi a kan ƙwallo, ba goge maganar kawai Isyaku zai yi ba, da la'asar za ka ji sallamarsa a ƙofar gidanku. Mutane sun fi tsoron wannan sallamar fiye da a kore su. Bai taɓa neman komai a hannun kowa ba. Ranar da batir ya ja ƙasa, fankar shagon yake kashewa, ya zauna yana zufa don na'urar ta ci gaba da aiki.

Shi ya kawo shawarar a ɗauki muryar tsofaffi. Da yake ba zai iya shiga gidajen mutane ba, sai ya koya wa Sa'adatu. Ita take zagawa da waya, ta zauna da tsofaffin mata, ta dawo ta ɗora abin da ta ɗauka da hannunta. Ta haka ta koyi na'urar ciki da waje, har kalmomin sirrinta duk ta haddace. Ranar da ta zo wurin Innarmu, tsohuwar ta yi ta noƙewa.

"Ke 'yar nan, wa zai saurari tsohuwa mai haƙori uku?"

"Inna, ai ba haƙoran za su saurara ba."

"Mijinki dai ba shi da aikin yi."

Amma da ta fara sai da aka kira magariba. Ta yi waƙoƙin niƙa da ta koya a wurin kakarta, ta faɗi inda gonakin mahaifinta suke kafin gidaje su cinye su, ta jero sunayen dangi har waɗanda ban taɓa ji ba. A tsakiya tari ya kama ta, ta ce da ni, "Maimuna, ba ni ruwa, kin tsaya kina kallona kamar baƙuwa." Har wannan yana ciki. Shekara na zagayowa Allah ya karɓi abarsa. Ina da kwafi a wayata, aka fizge wayar a cikin adaidaita a kan titin Zariya. Ban damu sosai ba. Inna tana Tsakar Gida, duk sanda kewa ta taso sai in kunna.

Isyaku ya san na'ura ɗaya ba ta isa ba. Ya je wurin Malam Abdulmalik, shugaban kwamitin unguwa, ya roƙi a ba shi lungu ɗaya da soket a ofishin kwamiti ya ajiye na'ura ta biyu, in wannan ta sami matsala waccan ta ɗauka. Malam ya ce za su duba. Ya koma, aka ce za a duba. Ya je wurin yayansa Alhaji Inuwa, mai sayar da siminti a Unguwa Uku, Alhaji ya ce masa, "Kai yaushe za ka kama sana'ar manya?" Da ya rasa wuri sai ya sayi wani ɗan faifan ajiya, girmansa bai wuce sabulun wanka ba, yana juye komai a ciki duk Juma'a. Ya taɓa ce mini, "Ajiye kwafi ɗaki ɗaya da asali wauta ce, Yaya. Amma ina zan kai shi?"

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Gaskiya ɗaya ce, Alhaji Inuwa ya yi ɗawainiyar asibiti, ba zan hana shi wannan ba. Isyaku ya rasu cikin damina. Ranar, kafin a tafi maƙabarta, Alhaji ya shiga shagon ya kashe komai, ya cire kan batir don kada wuta ta tashi, ya sa kwaɗo. Haka ake yi wa ɗakin mamaci har a raba gado, ba wanda ya ga laifinsa. Sai ga shi mutumin da ya yi shekaru yana sanar da rasuwar kowa, tasa ba ta fita a Tsakar Gida ba. 'Yata ta bugo daga Zariya tana cewa, "Mama, lafiya? Naku ba ya amsawa." Ta haka ta ji.

A zaman makoki aka yi cigiya kamar yadda aka saba: duk mai ajiya a wurin marigayi ya zo ya faɗa kafin a raba gado. Mutane suka zo. Wannan ya karɓi wayarsa da ya kawo gyara, wancan rediyo, wani har caja ya karɓa. Babu mutum ɗaya da ya miƙe ya ce, ina da hoton ɗaurin aurena a cikin baƙar na'urar can. A wurinmu ajiya ita ce abin da ake ɗauka a hannu a sa a aljihu. Unguwa guda tana da ajiya a shagon nan, aka yi cigiya a kunnenta, ta yi shiru.

Sa'adatu ce kaɗai ta gane haɗarin, ita kuma tana ɗaki cikin takaba. Ta aika wa Alhaji cewa don Allah kada a taɓa baƙar na'urar da ɗan faifan da ke kanta, kayan mutane ne. Amsar da aka kawo mata ita ce mai takaba ta yi ta addu'a, ta bar wa maza aikin maza. Malam Abdulmalik ne ya yi rabon. Shi da aka je wa sau da yawa a kan na'urar nan, shi da kansa yake sa sanarwar kwamiti a Tsakar Gida, ya dube ta ya haɗa ta da fanka da benci da akwatin ƙusoshi. Da yake Isyaku bai bar ɗa namiji ba, yayansa yana da kaso, kayan shagon suka faɗa hannunsa.

Da labari ya iso mini na tafi gidan Alhaji a Unguwa Uku. A falo na tarar da na'urar, yaransa sun kewaye ta suna tseren mota. Na gane ta da fentin da ya ɗiga a gefenta. Na zauna a bakin kujera. Alhaji ya fito muka gaisa, na yi masa ta'aziyya karo na biyu, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Hajiya Maimuna, an yi cigiya. Kin zo?"

"Alhaji, muryar uwata ce. A wane aljihu zan sa ta?"

"To ni ban ga murya ba. Kwamfuta na gani, kuma a kasona ta faɗo."

"Ɗan faifan fa?"

Ya jawo durowar da ke ƙarƙashin talabijin, ga shi nan kwance tsakanin rimot da tsofaffin makullai. Ba a taɓa shi ba. Na miƙa hannu, ya mayar da durowar ya rufe. Ya ce yara sun ce zai yi kyau da finafinai, amma in Malam ya ce a bayar, zai bayar. Na je wurin Malam. Ya ce rabon da aka gama, tayar da shi fitina ne a tsakanin dangi. Na ce ba rabo nake so a tayar ba, ajiya nake nema. Ya gyara zaman hularsa ya ce za su duba.

Wannan kalmar ce Isyaku ya yi ta ji har ya mutu. In na wuce ta ƙofar shagonsa, yanzu mai sayar da gawayi ne a ciki, sai in tuna shi zaune cikin zufa, fanka a kashe. Bai taɓa jin an kira sunansa a taro an ce masa sannu ba. Yawancin tsofaffin da Sa'adatu ta ɗauka sun bi Inna. Ba za a sake samun su ba, ko da wace irin na'ura.

Sa'adatu ta fita takaba. Kalmomin sirrin suna kanta. Mai kula da na'urar Zariya ya aiko cewa zai ɗora mana Tsakar Gida a wurinsa har mu sami tamu, abin da yake buƙata kawai shi ne abin da ke cikin faifan nan. Duk abin da ya rage na aikin Isyaku yana cikin durowa, a falon da yara ke wasa.

Alhaji Inuwa, kwamfutar taka ce, ka riƙe. Faifan ba naka ba ne, ba ma na Isyaku ba ne. Ka ciro shi ka kai wa Sa'adatu hannu da hannu, kada ka bari kowa ya jona shi a jikin wani abu. Malam Abdulmalik, ka fi ni sanin cewa ana fitar da ajiyar mutane kafin a raba gado. Ka miƙe bayan sallah ka faɗa da bakinka cewa an yi kuskure, ka sake yin cigiyar, wannan karon ka aika cikin gidaje mata su ji. Sannan ka buɗe lungun nan na ofishin kwamiti, da soket ɗinsa, ka ba Sa'adatu makulli. Kada wanda ya sake ce mini za a duba. Ku ba ni muryar uwata.