Ni Na Ce Ya Sha

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Umaru, manomin shinkafa a Diggi ta ƙasar Kalgo, amma har yau in na ji mutum yana numfashi da ƙarfi a waya sai gabana ya faɗi.

Ni ne ɗan bokon gidanmu, ina koyarwa a Gwandu. Da aka ce Yaya yana da ciwon suga, sai na naɗa kaina ɗan sandan magani, don na san halinsa: ban da salla da shuka, ba abin da yake yi a kan lokaci. Kullum da safe sai na kira shi, ko gaisuwa ba mu gama ba na tambaya ko ya sha ƙwayarsa, metfomin. Matarsa Hajo, abokiyar wasana, takan karɓe wayar ta ce in tattaro kayana in tare a Diggi, tunda na fi ta iya kula da miji.

Lokacin yankan shinkafa amai da gudawa suka kama shi. Da na kira, muryarsa ta dushe.

"Malam, cikin ga ba ya riƙe komi, ko ruwa. Na aje ƙwayar sai na samu sauƙi."

Na rufe shi da faɗa. Na ce likita ya ce ba fashi, ko abinci bai zauna ba dole magani ya zauna. Sai ya ce, "To, tunda kac ce." Hajo tana bakin murhu, ba ta ji wannan maganar ba. Ita dai ta ga ya nemi ƙwaya, ta miƙa masa.

Kwana biyu a haka. Na ji numfashinsa a waya, dogo, mai zurfi, kamar wanda ya hauro daga fadama da buhu a ka. Na ce gajiya ce. Mutanen gida suka ce ciwon haƙarƙari ne, aka yi ta shafa masa man zafi. Kafin mu kai shi asibiti a Birnin Kebbi, bai san wanda ke kansa ba.

Likitar da ta duba shi ta zaunar da ni da Hajo. Ta ce ƙirjinsa lafiya lau, jininsa ne ya yi tsami. Akwai wani sinadari, laktet, da jiki ke yi kullum, hanta da ƙoda suna kwashe shi. In ruwan jiki ya ƙare ƙoda ta gaza, ƙwayar takan taru a jini, sinadarin ya hau, jini ya juya kamar kunun da ya kwana. Numfashin nan da muka yi ta shafa wa mai, huhu ne ke ƙoƙarin rage tsamin. Ta ce maganin mai kyau ne, ba kasafai yake yin haka ba, kuma ba za ta rantse shi kaɗai ne sanadi ba. Amma mai amai da gudawa ya kamata ya dakata da shi, ya zo asibiti.

Hajo ta dubi tafin hannunta. "Ni nib ba shi, da hannun ga."

Ni kuwa na ɓoye cewa ni na sa shi ya sha. Washegari ya cika.

Na san ajali ne, na kuma yi imani da haka. Amma ajali bai hana ni faɗin gaskiya ba, tsoro ne ya hana ni. Tun ranar Hajo ba ta sake yi mini wasa ba. Ko jikanta ne ke zazzaɓi, sai ta kira maƙwabciya ta ba shi magani, ita ba ta taɓawa.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a fadamarsa, ya yi ta zagaya shi yana neman inda ake zuba mai. Zai kuma yi dariya har da hawaye in ya ji bara an ce ni ma ina da suga, ƙwaya iri ɗaya. Ranar da aka ba ni, ma'aikaciyar jinya ta ce in amai ko gudawa suka zo, in ajiye ta in garzayo.  Wataƙila Yaya ma an gaya masa haka, ni ne ban tsaya na saurare shi ba.

Me ya rage na Yaya? Gonarsa tana nan, da irin shinkafar da ya zaɓa da hannunsa, da sauƙin kan da ya sa babba ya bi maganar ƙaninsa. Kowace kaka Hajo na aiko mini da shinkafar gonar, ni kuma ina ci, ba kunya.

Ba na so wani ya riga ni karanta wa Hajo wannan rubutu. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga motar Kalgo, in hau babur zuwa Diggi, in zauna gabanta in ce, "Hajo, ya ajiye ƙwayar nan da kansa. Ni na ce ya sha."