Ranar da Na'ura Ta Kai Ƙarata

Ko zan manta da ranar da aka ba ni takardar ritaya, ba zan manta da Alhamis ɗin da na'ura ta tona mani asiri ba.

Ni planto ne, wato ɗan aike, a wani biro, ofis ke nan, a Diffa inda ake rajistar mutanen da rikici ya koro daga bakin kogin Komadugu. Ƙa'ida ita ce mutum ya ɗora yatsa kan ɗan gilashi, ordinatar, wato kwamfuta, ta ɗauka, a ba shi katin abinci. To sai gilashin ya soma suma. Ya ɗauki mutum biyu, ya mutu. Mutanen da aka koro daga garin Barwa kuwa suna zube a rana, kuma ranar ake rufe sunaye. Wanda bai shiga ba sai wani wata.

Shef, shugaban biro, ya kirawo injiniya, Usmanu, wani Bafillace siriri daga Yamai. Ni Babarbare, ka ga bawana ya zo har gida.

Na ce, "Kai da ka gudo daga kiwo, me ka sani a ƙarfe?"

Ya ce, "Ba Gana, kawo shayi ka yi shiru."

Ya canza waya, bai yi ba. Ya canza gilashi, bai yi ba. Sai ya buɗe wani baƙin allo, ya ce zai tambayi noyo. Da ajina uku na boko na gane noyo mai gadin ƙofar na'ura ne: duk abin da aka jona, shi ke ba shi izini da wuta, kuma ya rubuta.

Usmanu ya karanta, ya karanta, ya ɗago kai.

"Noyo ya ce wuta ba ta isar gilashi, baƙi sun yi yawa. Wayar salula huɗu. Wa ke jona waya a bayan ordinatar?"

Na ce, "Aljannu ba su da iyaka."

Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ɗaga dardumata. Ga su jere kamar ƴan tsaki. Lokacin kuran, wato lantarki, ba ya zama a gari, mu ke da inji. Tsofaffin matan da ke zuwa rajista kuwa kowace tana jiran kiran ɗa ko miji da gudu ya raba su. In tsohuwa kamar Ya Falmata ta miƙo mani waya in sa mata caji, in ce mata me?

Usmanu ya cire su, gilashi ya farfaɗo. Kafin la'asar kowa ya samu kati.

Shef ya shigo yana tambayar abin da ya lalace. Na soma karanto salati a zuci. Usmanu ya ce, "Cunkoso ne, Shef. A sa soket shida a baranda, ba za ta ƙara ba."

Aka sa.

Ku yara masu shigowa aikin, ku riƙe wannan: na'ura ba ta ƙarya, amma ba ta san dalili ba. Shi ya sa ake zaunar da mutum a gabanta. Ko da Bafillace ne.